Cutar Kowa ko ta Ɗaiɗaiku: Wacce Dutse Za Ta Fara Bincika?

Tun da asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wani nauyi ya hau kansa wanda bai saba ɗauka ba. Asibitin koyarwa ba ya tsayawa ga duba marasa lafiya da horar da ɗalibai, dole ne ya yi bincike. Likitan da ke neman zama ƙwararre sai ya gabatar da kundin bincikensa kafin a ba shi shaida, malamin jami'a kuma ba ya samun ƙarin girma sai da abin da ya wallafa. Haka lamarin yake a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Sai dai kuɗin bincike kaɗan ne, masu yin sa ma kaɗan ne, kuma su ne dai ke kwana a ɗakin haihuwa da ɗakin yara. Duk sa'ar da likita ya ba wa bincike, daga bakin gadon wani majinyaci ya ciro ta. Don haka dole a zaɓa: shin a zuba ɗan abin da ake da shi kan cututtukan da ke cika asibitocinmu kullum, ko a ware wani kaso ga waɗanda ba a cika gani ba, waɗanda likita zai iya yin shekaru yana aiki bai haɗu da su ba sai jefi-jefi?

Masu cewa a fara da cutar kowa suna da hujjar da ke da wuyar turewa, wato lissafi. Ƙidayar lafiya ta ƙasa da aka yi a 2018 ta nuna cewa a Jigawa, cikin kowane yara dubu da aka haifa da rai, sama da ɗari biyu ba sa kaiwa shekara biyar. Ta kuma nuna cewa kusan yara 64 cikin ɗari sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi mata yana tambayarsu game da 'yan'uwansu mata da suka rasu, ya ƙiyasta cewa a karkarar jihar mata fiye da dubu ɗaya ke mutuwa a kowace haihuwa dubu ɗari. Abin da ke kashe waɗannan bayin Allah kuwa kowa ya san sunansa: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, nimoniya, ƙyanda, tamowa, jijjiga, zubar jini bayan haihuwa. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Masu wannan ra'ayi suna cewa a jihar da lamarinta ya kai haka, likitan da ya ƙarar da shekara biyu yana nazarin cutar da ta kama mutum goma ya ci amanar dubun da ke jira a layi, ko da niyyarsa tagari ce.

Suna da misalai kuma, na kusa da gida. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya na babban gwajin da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka wallafa sakamakonsa a 2023. Abin da aka gwada ba shi da wata tsada: wata ledar awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga ainihin yawan jinin da ta zubar maimakon a yi kintace da ido, sannan da zarar ya kai ma'auni a haɗa mata dukkan magungunan da aka sani a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ga kuma maganin rigakafin maleriya na damina da ake bi gida-gida ana bai wa ƙananan yara, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 bayan gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Sahel. Katsina da Jigawa na cikin jihohin da aka fara raba shi a ƙasar nan. A watan Maris na 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar, Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su. Duk waɗannan 'ya'yan binciken cutar kowa ne, kuma rayukan da suka ceta da dubbai ake ƙirga su.

Akwai wani zargi da wannan ɓangare ke yi wanda nake ganin da ƙamshin gaskiya a cikinsa. Cutar da ba a saba gani ba tana da daɗin rubutu. Likita ya ga majinyaci guda mai wata cuta ta ban mamaki, ya ɗauki hoto, ya rubuta shafi uku, mujalla ta karɓa, a ƙirga masa a ƙarin girma. Majinyacin kuwa ya koma ƙauyensu yadda ya zo. Idan kuma aka dubi inda binciken irin waɗannan cututtuka ke ƙarewa a ƙasashen masu arziki, sai gaba ya faɗi: sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Amurka ta amince da shi don amosanin jini, wato sikila, a Disambar 2023, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Wace uwa a Kiyawa ko Miga ce za ta amfana da wannan?

Amma a cikin sahun masu fifita cutar kowa akwai waɗanda suka zarce, suna cewa ai waɗannan cututtuka ma ba sa bukatar bincike, an riga an san maganinsu, kuɗi da ma'aikata kawai suka rage. A nan na rabu da su, kuma dalilina a Kiyawa yake, 'yar tafiya kaɗan daga Dutse. A ƙaramar hukumar ne aka gudanar da gwajin INSPIRING, wanda ƙungiyar Save the Children ta aiwatar, masana daga Jami'ar Ibadan da wasu jami'o'in Turai suka auna sakamakonsa. An yi duk abin da hankali ke cewa zai yi aiki: aka kafa ƙungiyoyin maza da na mata a garuruwa suna tattauna lafiyar yara, aka zaunar da jama'a da ma'aikatan asibiti don su fahimci juna, aka horar da ma'aikatan kan gane yaron da ke cikin haɗari. Da aka kwatanta garuruwan da aka yi wa aikin da waɗanda ba a yi wa ba, sakamakon da aka wallafa a 2024 bai nuna raguwar mutuwar yara ba. Wasu za su kira wannan asara. Ni ina ganin yana cikin mafi amfanin binciken da aka taɓa yi a tsakiyar Jigawa, domin ba don an auna ba da an ci gaba da zuba kuɗi ana rubuta rahoton nasara. Sanin maganin nimoniya daban, sanin yadda zai isa ga yaron da uwarsa ke jiran izinin maigida, mai babur ya nemi kuɗin da babu, a isa asibitin kuma a tarar ba iskar oksijin, wannan ma daban. Wannan ilimi na biyu babu wanda zai samar mana da shi daga Landan.

To, ɗaya ɓangaren fa? Hujjarsu ta farko ta adalci ce: yaron da aka haifa da cutar da ba ta da yawa bai zaɓa ba, kuma ransa bai gaza na mai zazzaɓi daraja ba. Idan yawa ne kaɗai ma'auni, to ba ranar da layi zai zo kansa, domin maleriya ba za ta ƙare gobe ba. Hujja ta biyu ta tarihin ilimi ce. A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ya bayyana wani irin kumburin muƙamuƙi da yake gani jefi-jefi a yaran Uganda. Bin sawun wannan cuta ne ya kai ga gano ƙwayar cuta ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam a 1964, ya kuma fito da alaƙarta da maleriya. Haka nan nazarin wasu 'yan iyalai masu gadon kitsen jini mai tsanani ne ya buɗe wa masana biyu, Brown da Goldstein, sirrin yadda jiki ke sarrafa kitse, aka ba su kyautar Nobel a 1985, kuma wannan ilimi ne ya fayyace yadda magungunan da miliyoyin masu ciwon zuciya ke sha a yau suke aiki. Gaskiya ne duka, amma ban ba wannan hujja nauyi sosai ba a kan batun Dutse. Irin wannan aiki yana son ɗakunan gwaji da wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuwa ba mu kai can ba tukuna.

Hujjarsu ta uku ce ta fi kama ni. Wa ya yanke cewa cuta ba ta da yawa? A Amurka, doka ta ce cutar da ta kama ƙasa da mutum dubu 200 ita ce wadda ba a saba gani ba. A Tarayyar Turai kuma, wadda ba ta wuce mutum ɗaya cikin dubu biyu ba. Da wannan ma'auni amosanin jini cuta ce ta ɗaiɗaiku a Amurka, alhali a Nijeriya ana ƙiyasta jarirai kusan dubu 150 ake haifa da ita kowace shekara. Littattafan da ɗalibanmu ke karantawa a can aka rubuta akasarinsu, saboda haka abin da suka kira baƙon abu shi ɗalibinmu ma zai ɗauka baƙo, ko da yana kwance a gado uku na ɗakin da yake zagayawa.

Babu misalin da ya fi ciwon zuciyar masu jego fito da wannan a fili. Mace ta haihu lafiya, bayan 'yan makonni ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, ba ta iya kwanciya sai a jingine, domin zuciyarta ta saki ta kasa tura jini. A Amurka ana ganin wannan sau ɗaya cikin haihuwa dubu zuwa dubu huɗu. A Zariya, cikin shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun tarar da shi kusan sau ɗaya cikin haihuwa ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Suka ɗora alhakin a kan wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Wannan bayani ya shiga littattafai, ya zauna shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shi, ana ta yi wa kakanni faɗa a asibiti. Sai da Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka sake buɗe maganar. Suka tattara bayanan masu cutar daga asibitoci da dama na ƙasar nan, suka tarar har yanzu a Kano tana kama kusan mace ɗaya cikin haihuwa 96. Amma ba su sami alaƙa mai ƙarfi da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fi fitowa shi ne talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, wanda tun 1992 wasu likitoci a Yamai suka lura da shi. Karaye da abokan aikinsa sun ma yi ɗan ƙaramin gwaji na bai wa matan seleniyam, aka ga alamun sauƙi, ko da yake girman gwajin bai kai a yanke hukunci ba. Matan Jahun da Gwaram da Buji abinci ɗaya suke ci da na karkarar Kano, ƙasa ɗaya suke nomawa. Tambayar ko ƙwaya mai araha za ta iya kare zuciyar mai jego tana nan a buɗe, kuma ba jami'ar Turai da za ta damu ta amsa ta, tunda a wurinsu cutar ba ta da masu ita.

Amosanin jini ma ya bi wannan hanya. A ƙasashen masu hali, yaron da na'ura ta nuna yana dab da shanyewar ɓarin jiki, ƙarin jini ake yi masa wata-wata. Wannan ba mai yiwuwa ba ne ga dubban yaranmu, jinin ma ina yake? Likitocin Kano, cikinsu da Farfesa Shehu Umar Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidroksiyuriya a madadinsa. Sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna cewa ko ɗan ƙaramin awo na maganin yana kare yaran kamar yadda matsakaicin awo ke yi. Ga kuma cutar noma mai cin fuskar yaran da yunwa ta raunana, wadda ke kashe har tara cikin goma idan ba a yi magani ba. Asibitinta na Sakkwato yana aiki tun 1999, amma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Nijeriya ta jagoranci gabatar da hujjoji. Jihar da yaranta suka tsumbure kamar namu ba za ta rasa noma ba. Abin da ta rasa shi ne mai ƙirga ta, domin yawancin yaran a gida suke mutuwa, waɗanda suka rayu kuma a ɓoye su a ƙuryar ɗaki.

A gabashin jihar kuma, mutanen kwarin Haɗeja sun daɗe suna kokawa da ciwon ƙoda, kamar maƙwabtansu na Gashuwa a Yobe. Kowa da abin da yake zargi: ruwan sha, magungunan feshin gona, ƙwayoyin kashe ciwo da ake sha barkatai, jiƙe-jiƙen gargajiya, aikin gona cikin zafin rana. An ga irin wannan ciwon ƙoda da ba a san musabbabinsa ba a tsakanin masu yankan rake na Nikaraguwa da Salbado da manoman shinkafa na Siri Lanka, kuma har yau masana ba su gama daidaitawa a kansa ba. Sayen injin wankin ƙoda taimako ne ga wanda ya riga ya kamu, amma ba ya hana na bayansa kamuwa.

Masu fifita cutar kowa suna da amsa a nan, kuma mai kyau ce. Suna cewa: ai kun dawo sahunmu. Ciwon da ke kama mace ɗaya cikin ɗari ba na ɗaiɗaiku ba ne, cutar kowa ce da ba a ƙirga ba. Ku kawo mana hujjar kashe kuɗi a kan ainihin cututtukan gado da ke kama mutum ɗaya cikin dubu hamsin. Na yarda da rabin maganar. Lalle bai kamata Dutse ta sa kanta neman maganin irin waɗannan ba a yanzu. Amma akwai abin da ake bin mu bashi ko a nan. A ƙasar da auren zumunci ya yawaita, cututtukan gado da ke ɓoye a jinin iyaye biyu sun fi samun damar bayyana. Gidan da aka binne yara uku a jere da ciwo iri ɗaya, idan asibiti bai faɗa musu sunan abin da ke damunsu ba, gari zai faɗa musu: a ce iska ce, a ce maita, a ce matar ce mai farar ƙafa. Aure ya mutu, dukiya ta ƙare a yawon neman magani. Ko babu waraka, gane cutar da yi wa iyaye bayani aikin jinƙai ne, kuma bai fi ƙarfin asibitin koyarwa ba ya rubuta bayanansu da kyau ya haɗa su da manyan cibiyoyin da ke da kayan gwaji.

Sai dai duk inda za a ɗebi jinin mutane a kai wani wuri, dole a tuna da Kano ta 1996. A tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya haɗa yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, daga baya a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari yana cikin abin da ya rura wutar ƙin allurar shan inna a 2003. Wanda duk zai yi bincike a Jigawa, a kan kowace irin cuta, gadon wannan shakka zai tarar. Kwamitin ɗa'a mai haƙori, da bayani da Hausa ko Fulatanci wanda tsohuwa za ta gane, da komawa garin a faɗa wa mutane abin da aka gano, waɗannan ba ƙawa ba ne. Binciken cututtukan ɗaiɗaiku ya fi bukatar su, tunda shi ne ya fi dogara da tura samfur waje.

Inda na tsaya shi ne, kaso mafi tsoka ya tafi ga cutar kowa, amma ga irin tambayar da aka yi a Kiyawa, ta yadda magani zai isa ga mai bukata, ba a yi ta maimaita auna yawan masu maleriya a ɗakin yara ana canja shekara a kan takarda ba. Kaso na biyu, wanda zan kare shi da ƙarfi idan aka zo yankan kasafi, na cututtukan da duniya ke ganin ba su da yawa ne alhali mu suna cin mu: zuciyar masu jego, amosanin jini, noma, ƙodar kwarin Haɗeja, da yoyon fitsari wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke ɗinkewa a babban asibitin Jahun tun 2008. A waɗannan ne likitan Dutse zai iya gano abin da ba wanda ya riga shi, domin majinyatan a ƙofarsa suke.

Kuma duka ɓangarorin biyu abu guda suke jira kafin su motsa, wato rajista. Yau idan aka tambayi yawan masu jegon da zuciyarsu ta kumbura a masarautar Dutse bara, sai an bi fayil-fayil a ɗakin ajiya, wasu sun ɓace, wasu an rubuta musu "kumburi" kawai. Ba za a fafe gora ranar tafiya ba: ranar da wata jami'a ta zo da tayin gwajin seleniyam ko na sabon maganin sikila, adadi za ta fara tambaya. Rajista guda da za ta haɗa Rasheed Shekoni da Birnin Kudu da Jahun da Haɗeja, da ma'aikacin bayanai mai albashi a kowannensu, da na'urar hoton zuciya mai aiki da wanda ya iya riƙe ta, da gwajin sikila ga kowane jariri da aka haifa a asibiti, kuɗinsu bai kai na gina sabon ɓangare guda ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha da jami'ar za su iya raba nauyin tsakaninsu tun daga kasafin shekara mai zuwa.